Abin Wuyan Maganin Ƙuma: Yana Aiki Kuwa?

Duk mai kare ko mage a gida ya san yadda ƙuma take hana dabba sakat. Wasu sukan sayi wani abin wuya na roba su ɗaura mata, wai shi ke nan an rabu da ƙuma. A ganina maganar ba ta kai haka sauƙi ba.

Shi wannan abin wuya an cuɗa robarsa da maganin ƙwari. Maganin yakan fita kaɗan-kaɗan, ya bi maiƙon fata ya bazu a jiki, duk ƙumar da ta taɓa shi sai ta mutu. Akwai wani mai suna Seresto wanda masu yin sa suka ce yakan kai wata 8 yana aiki. Masu araha irin na da kuwa, ƙarfinsu a wuya yake tsayawa, ƙuma ta koma gindin wutsiya ta ci gaba da sha'aninta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wadda muke gani a jikin kare 'yar kaɗan ce. Macen ƙuma takan yi ƙwai har 50 a rana guda, kuma ƙwan ba ya manne wa gashi, zubowa yake yi a tsohon buhu ko tabarmar da dabbar take kwanciya. Can zai ƙyanƙyashe. Saboda haka tilas a riƙa share makwancin, a wanke shimfiɗar da ruwan zafi a shanya a rana.

Kada mu manta kuma guba ce. A 2021 an yi ta ƙorafi a Amurka kan Seresto, har a 2023 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta bar shi a kasuwa amma ta sa a ƙara gargaɗi. Na kare ba a sa wa mage, domin wani magani da ake kira famitirin, wanda kare yake jurewa, yana iya kashe ta. In za a ɗaura, a bar wurin da yatsa biyu za su shiga, a yanke ragowar, a wanke hannu, a hana ƙannenmu wasa da shi. In dabba ta fara dalalar da yawu, ko amai, ko karkarwa, a cire nan da nan, a yi mata wanka da sabulu, a kai ta asibitin dabbobi.