Natasha: Baƙon Suna Mai Kama da Namu

A ƙauyukan Bichi da Ɗambatta mun saba yarinya ta ci sunan ranar haihuwarta: Ladi, Talatu, Jummai. Wadda aka haifa ana ruwa kuwa, Marka ce. Natasha ma haka yake. Sunan lele ne da Rashawa suke kiran Nataliya da shi. Asalinsa daga Latin ne, ma'anarsa ranar haihuwa, watau ta Almasihu. Ashe 'yar Kirsimeti ke nan. Ikkilisiyar Rasha ta riƙe sunan domin tunawa da Nataliya ta Nikomidiya, wadda ta ƙarfafa mijinta Adriyan har aka kashe shi saboda bangaskiya, wajen shekara ta 306. Iyaye, mu bincika ma'ana kafin ranar suna, gama yarinya za ta amsa shi har tsufanta.