Kuskure mai ihu da kuskure mai shiru: darasi daga Kasuwar Muda Lawal

Da sanyin safiya ake sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa a Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, yawancin cinikin kuwa bashi ne, sai yamma a yi lissafi. A wata rumfa, ɗan wani dillali ya ƙudurta mayar da littafin bashin mahaifinsa cikin kwamfuta, da harshen C++ wanda Bjarne Stroustrup ya soma ƙirƙira a 1979.

Ya tsara aji mai suna Kaya, mai mambobi uku: jimla, farashi da adadi. Kowane aji na da magini, wato sashen da ke ba mambobi ƙimarsu ta farko. Nan ya yi tuntuɓe. Bayan ruwa biyu sai ya rubuta farashi = f, kompaila, manhajar da ke juya rubutun zuwa abin da na'ura ke ganewa, ta ƙi karɓa. Ƙa'idar wurin ba ta yarda da alamar daidai ba, baka biyu take so, da waƙafi tsakanin mambobi:

Kaya(int f, int a) : farashi(f), adadi(a), jimla(farashi * adadi) {}

Ya gyara, shirin ya tashi, amma kwando goma ya fito da kuɗin da bai yi kama da gaskiya ba. Dalili shi ne C++ na cika mambobi bisa jerin da aka ayyana su a cikin aji, ba bisa jerin magini ba. Jimla ce a sama, don haka aka lissafa ta kafin farashi da adadi su samu ƙima. Maganin shi ne a saukar da ita ƙasa, ko a rubuta jimla(f * a). Da ya kunna gargaɗin -Wall na g++, da tuni an ankarar da shi.

Kuskuren farko minti biyar ya ci. Na biyun, da ya kai ga abokin ciniki, mutuncin dattijo zai ci.

Tun 2023 shirin 3MTT na Gwamnatin Tarayya ke horar da matasa fasahar zamani, kuma irin manhajojinsu za su iso teburin ma'aikatu. Jami'in da zai sa hannu kada ya tsaya ga cewa manhaja ta buɗe. Ya ba ta lissafin da ya riga ya san amsarsa, ya ga abin da za ta ce.