Fatsar Kifin Samon a Teku: Yadda Ake Yin Ta da Dokokin da Suka Dabaibaye Ta

A wajen Bahaushe su sana'a ce. Wanda ya shiga ruwa da taru, ko ya kafa mamari, abincin gidansa yake nema, kuma in aka ce wane masunci ne, to an faɗi abin da yake ci da shi ke nan. Amma akwai wani irin su da ake yi a gaɓar Tekun Fasifik ta arewacin nahiyar Amurka, tun daga Kalifoniya har Alaska, wanda masu yin sa ba kasuwa suke nufa da shi ba. Hasali ma doka ta hana su sayar da abin da suka kama. Malamin makaranta ne, ko makaniki, ko ɗan fansho, zai yanki lasin, ya zuba mai a ƙaramin jirginsa, ya fita tun da asuba domin ya kama kifi ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa kuɗin man yakan fi kuɗin kifin. Kifin da ake sha wa wannan wahala shi ne samon. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake wannan fatsa, musamman a ruwan da ke tsakanin Jihar Washington ta Amurka da lardin British Columbia na Kanada, sa'an nan ta nuna dalilin da ya sa abin da aka fara don shaƙatawa ya zama maganar alƙalai da gwamnatoci.

Halin Kifin

Ba za a gane wannan su ba sai an san rayuwar kifin kansa. Samon a kogi ake ƙyanƙyashe shi, cikin tsakuwar da uwarsa ta tona ta zuba ƙwai. Bayan wasu watanni, wani kuma sai ya shekara, yakan gangara ya faɗa teku, inda zai yi girmansa yana cin ƙananan kifaye. Idan ya balaga sai ya juyo ya nufi ainihin kogin da ya fito, ko da ya yi nisan mil dubu daga gare shi. Tun cikin shekarun 1950 wani masani ɗan Amurka, Arthur Hasler, ya nuna cewa ƙanshin ruwan kogin ne kifin ke riƙewa, shi yake bi a ƙarshen tafiyar. Da ya shiga ruwan daɗi sai ya daina cin abinci, launinsa ya sake, kitsensa ya dinga narkewa, har ya isa inda za a zuba ƙwai. Daga nan sai mutuwa, domin samon na Fasifik ba ya haihuwa sau biyu.

Wannan shi ya sa masu jirgi suke tarar sa tun yana cikin ruwan gishiri. A can yana da haske kamar azurfa, ga ƙiba, ga ƙarfi, kuma yana kan cin abinci, watau zai kai wa koto bara.

Irin samon biyar ne a wannan gaɓa, amma biyu ne 'yan fatsa suka fi damuwa da su. Akwai cinuk, wanda ya fi duka girma, har ake ce masa sarki. Mafi nauyi da aka taɓa kamawa da fatsa shi ne wanda Les Anderson ya kama a kogin Kenai na Alaska a 1985, mai fam 97 da 'yan kai, kimanin kilo 44. Cinuk yana son zurfi da duhun ruwa. Sai koho, wanda bai kai shi girma ba, ya fi yawo kusa da saman ruwa, kuma in ƙugiya ta kama shi yakan yi ta tsalle sama yana jujjuyawa.

Hanyoyin Kamu

Hanyar da ta fi yawa ita ce ta jan koto a bayan jirgi yana tafiya sannu sannu, kamar saurin mai tafiya a ƙasa. Matsalarta ɗaya ce: zaren da ake ja yakan taso sama, alhali cinuk yana iya kasancewa ƙafa ɗari ko fiye a ƙasa. Maganin da aka samo shi ne wata 'yar na'ura mai kama da kurar jan guga, wadda ake kafawa a gefen jirgi. Tana ɗauke da waya, a ƙarshen wayar kuma an rataya curin darma mai nauyin fam 10 zuwa 15. Ana maƙala zaren fatsa a jikin wayar da wani ɗan mamatsi irin na shanyar tufafi, sai a sauke darmar daidai zurfin da na'urar hango kifi ta nuna. Idan kifi ya fizgi koto, zaren sai ya kuɓuce daga mamatsin, sandar da ke lanƙwashe ta miƙe farat ɗaya, a bar mutum da kifinsa ba wani nauyi tsakaninsu. A gaban koton akan ɗaura wani falle mai walƙiya wanda ke juyawa cikin ruwa, ya yi kama da wani samon da ke farautar ƙananan kifaye, don na nesa ya yi kwaɗayin zuwa. Koton kansa ko dai ɗan kifi ne na gaske, ko ƙarfe mai siffar cokali, ko roba.

Hanya ta biyu ta fi tsufa, ta kuma fi bukatar gwaninta. Ana danganta ta da masunta 'yan asalin Japan da suka zauna a birnin Seattle a farkon rabin ƙarni na 20. A nan ana kashe inji a bar jirgi ya bi ruwa. Sai a ɗauko ɗan kifin nan herin a datse kansa a karkace, a soka masa ƙugiya biyu, a sa 'yar darma kaɗan, a sake shi har ƙasa, sa'an nan a riƙa naɗo shi a hankali ana sake mayarwa. Karkacewar yankan ita ke sa ya dinga wulwulawa kamar kifin da ya ji rauni. Gwanintar duka tana wajen wuƙa: in yankan bai yi daidai ba koton ba zai juya ba, sai mutum ya yini yana wanke mushen kifi a teku. Cinuk kuma ba kullum yake fizga ba. Wani lokaci ɗan taɓawa kawai za a ji, ko a ga zare ya saki, don kifin ya ɗauki koto ya yo sama. Mai garaje a nan yakan zare ƙugiya daga bakin kifi da hannunsa.

Kowace hanya aka bi, lokaci yana da muhimmanci. An fi samun kamu da sassafe, da kuma sa'ad da cikar teku ke shirin juyawa, lokacin da ƙarfin ruwa ya lafa, ƙananan kifaye suka taru a gindin tsibirai da bakin duwatsu.

Akwai wuri guda da aka ƙi yarda da duk wannan sauƙi na zamani. A garin Campbell River, a tsibirin Vancouver, wani Bature mai suna Sir Richard Musgrave ya kama cinuk mai fam 70 a 1896, labarin ya bazu har Ingila. A 1924 aka kafa wata ƙungiya a garin mai suna Tyee Club. Kalmar, wadda ake furtawa kamar "tayi", daga harshen 'yan asalin gaɓar take, ma'anarta shugaba, kuma cinuk ba ya cin wannan suna sai ya kai fam 30. Sharuɗɗan shiga ƙungiyar sananni ne: jirgin da ake tuƙawa da hannu, ba inji; koto na ƙira, ba kifi ba; ƙugiya ɗaya; zare siriri wanda ƙarfinsa bai wuce fam 20 ba, watau bai kai nauyin kifin da ake nema ba. Matuƙi yana iya sa homa ya ɗauko kifin idan ya gaji, amma ba zai taɓa sandar ba. Ana yin wannan daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Satumba, kuma mutum yana iya shekara da shekaru yana zuwa bai samu shiga ba.

Kifin Wane Kogi?

A nan ne maganar ta yi nauyi. Kowane samon da ke teku ɗan wani kogi ne, amma a teku a cakuɗe suke. Jirgi ɗaya a wuri ɗaya yana iya kama kifin da ya fito daga kogin da ke cike da albarka, bayan minti goma kuma ya kama na wani rafi wanda iyayen kifin da suka rage masa ba su fi a ƙirga ba. Mai fatsa ba shi da hanyar rarrabe su da ido. Da a bakin kogi ake kamun, da sai a rufe kogin da ya raunana a buɗe mai ƙarfi. A teku ba haka abin yake ba, sai dai raunin ƙarami ya ja wa kowa takura.

Koguna da yawa kuwa sun raunana. Madatsar Grand Coulee da aka gina a kan kogin Columbia, wadda aka gama a farkon shekarun 1940, ba a yi mata hanyar da kifi zai haura ba, ta yanke samon daga dukan ruwan da ke samanta. Sare dazuzzuka, da cike fadamun bakin koguna, da ɗumamar ruwa, duk sun ƙara. A 1999 gwamnatin Amurka ta sa cinuk na Puget Sound cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Domin cike giɓi aka giggina gidajen ƙyanƙyasa, inda ake renon miliyoyin 'ya'yan kifi a sake su. Daga tsakiyar shekarun 1990 sai Jihar Washington ta shiga yi wa waɗannan kifaye shaida kafin a sake su. Samon yana da wani ɗan fiffike na tsoka a gadon bayansa kusa da wutsiya, wanda in an yanke ba ya sake tsirowa. Shi ake cirewa. Saboda haka a wurare da lokuta da dama dokar ita ce: in kifi ya iso gefen jirgi a duba bayansa, in babu fiffiken, na gidan ƙyanƙyasa ne, a ɗauka, in yana nan, haifaffen kogi ne, a sake shi, a cikin Puget Sound ma ba tare da an shigo da shi cikin jirgi ba. Don sakin ya yi sauƙi aka wajabta ƙugiya marar kunne. Ba ƙaramar jarrabawa ba ce mutum ya yi rabin sa'a yana fama da kifi mafi girma da ya taɓa gani, sa'an nan ya hango fiffiken.

Dabarar tana da kyau, amma ba ta warware komai duka ba. Wani kaso na kifin da aka saki yakan mutu daga baya saboda rauni da gajiya, kuma hukuma tana lissafa wannan mutuwa a cikin rabon 'yan fatsa. Ke nan ana iya rufe yanki saboda yawan kifin da aka saki, ba wanda aka ci ba. Har ila yau masana da yawa suna ganin kifin gidan ƙyanƙyasa, idan ya kuɓuta ya haɗu da na kogi wajen zuba ƙwai, yana rage ƙwarin irin.

Akwai wata shaida ta biyu wadda ido ba ya gani. Wasu daga cikin 'ya'yan kifin akan cusa musu ɗan guntun waya a hanci, tsawonsa kimanin milimita ɗaya, ɗauke da lamba. Shi ya sa ma'aikata ke tsayawa a mashayar jirage suna gwada kan kifi da na'ura, suna karɓar kawunan da ke da wayar. Daga lambar ake sanin inda aka saki kifin da shekarar da aka sake shi. Da irin wannan ƙirga aka tabbatar cewa kifin da aka ƙyanƙyashe a Washington da Oregon ana kama da yawansa a ruwan Kanada da Alaska, na kogin Fraser na Kanada kuma ana kama shi a ruwan Amurka. Ƙasashen biyu sun daɗe suna zargin juna a kan haka kafin su sa hannu a yarjejeniyar samon na Fasifik a 1985.

Masu Rabo

Ɗan fatsa ba shi kaɗai ke jiran kifin ba. A 1854 da 1855 ƙabilun 'yan asalin yankin Washington sun ba da ƙasarsu bisa yarjejeniyar da ta bar musu haƙƙin su a wuraren da suka saba. Jihar ta yi shekaru tana take wannan haƙƙi, tana kama masuntansu tana ƙwace tarunansu, har ranar 12 ga Fabrairu, 1974, da alƙali George Boldt ya yanke hukunci cewa rabin kifin da za a iya kamawa nasu ne. Masunta farar fata sun yi bore ƙwarai, amma Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar da ainihin hukuncin a 1979. Tun daga nan ɗaya rabin ne 'yan fatsa ke rabawa da masu su na kasuwa, kuma kowace bazara wakilan jiha da na ƙabilu sukan zauna su tsara kwanakin su na shekarar, yanki yanki.

Akwai kuma mai rabon da ba ya zuwa taro. Wani dangi na dabbar tekun nan orka, wanda ke zama a wannan ruwa, kusan cinuk ne kaɗai abincinsa. An sa shi cikin jerin masu shirin ƙarewa a 2005, kuma a 'yan shekarun nan yawansa bai kai 80 ba. Saboda shi Kanada takan hana kamun samon a wasu mashigai na ɗan lokaci. Bincike ya kuma nuna cewa cinuk na komowa gida da ƙarancin shekaru da ƙarancin jiki fiye da na da, abin da ke nufin orka sai ya ƙara farauta kafin ya ƙoshi, mai neman kifin fam 30 kuma sai ya ƙara jira.

Abin da ya rage wa mai ƙaramin jirgi shi ne littafin dokoki mai kauri, da kati wanda dole ya rubuta kowane kifi a kansa da zarar ya ɗauka, da kwanakin da ake iya yankewa da sanarwar gaggawa idan rabon yankinsa ya cika. A wasu sassan Puget Sound lokacin cinuk na rani yakan ƙare cikin 'yan kwanaki. A Kalifoniya kuwa, inda fari da rabon ruwan noma suka taɓa kogin Sacramento, ba a bar kowa ya jefa wa samon ƙugiya a teku ba a 2023 da 2024.