Ƙidaya da Ma'auni: Koyar da Mol a Makarantun Sakandare

Manufar wannan takarda ita ce yin bayani a kan wata matsala da muke cin karo da ita duk shekara in mun fita duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji. Da zarar malamin kemistiri ya iso babin mol, sai ya rubuta 6.02 × 10²³ a allo, ya jero ƙa'idoji uku ko huɗu, yara su kwafe. Ranar jarrabawa kuwa, in an ɗan sauya fasalin tambaya, sai lissafi ya dagule. Abin damuwar shi ne kusan duk lissafin da ke biyo baya a kan mol ya dogara, har da awon asid da alkali na jarrabawar aikin hannu ta WAEC da NECO. A ganinmu, tushen cutar shi ne ba a nuna wa yaro tun farko cewa mol ƙidaya ce ba.

Sinadarai suna haɗuwa ne ƙwaya da ƙwaya, watau atam da atam ko molekul da molekul. Amma waɗannan ƙwayoyi sun yi ƙanƙantar da ba za a iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ke hannun masani shi ne ma'auni. Saboda haka aka ware wani adadi, aka kira shi mol, yadda in an auna nauyi za a san ƙwaya nawa aka ɗiba. A shekarar 1971 aka shigar da shi cikin ginshiƙan awo bakwai na tsarin SI.

Sau da yawa mun ji malami ya kwatanta mol da mudu, domin ya kawo abin kusa da yara. Niyyar mai kyau ce, amma kwatancin ɓatarwa yake yi. Mudu cika yake aunawa, ba adadi ba. Mudun gero da mudun wake cikarsu ɗaya, amma ƙwayoyin geron sun ninka na waken nesa ba kusa ba. Mol kuwa akasin haka yake: adadi ɗaya, nauyi da cika daban-daban. Kwatancin da ya dace yana nan a bakin 'yan goro. Ƙwaryar goro ɗari ce, ko manya ne ko ƙanana, kuma kowa ya san ƙwaryar manya ta fi nauyi. Haka nan dozin, haka nan kiret ɗin ƙwai.

Daga nan sai a tafi ga ma'auni. A sa yara su ƙirga wake ɗari da masara ɗari da dawa ɗari, su auna kowanne. Sa'an nan a zuba musu tulin wake, a ce su faɗi adadinsa ba tare da sun ƙirga ba. Ba a daɗewa wani zai ce a auna tulin, a raba da nauyin ɗari. Yaron da ya gano wannan da kansa ya riga ya gano ƙa'idar raba nauyi da nauyin mol ɗaya, tun ba a rubuta ta ba. Sai dai a gargaɗe su cewa ƙwayoyin wake sun bambanta da juna, don haka amsarsu kirdado ce.

Akwai kuma tarkon da harshe ya ɗana mana. Kalmar "yawa" a Hausa takan ɗauki nauyi, ta ɗauki cika, ta ɗauki adadi. A ajiye giram 18 na ruwa, wanda ya ɗara cikin babban cokali da kaɗan, kusa da giram 342 na sukari, a tambayi aji wanne ya fi yawa. Kowa zai nuna sukari. Alhali kowannensu mol ɗaya ne, molekul ɗinsu daidai wa daida. Wajibi ne malami ya hana kansa faɗin "yawa" kurum; ya ce nauyi, ko cika, ko adadi. Ya kuma riƙa tambaya kullum: mol na mene ne? Mol ɗaya na O₂ yana ɗauke da mol biyu na atam ɗin O, a nan kuwa yara da dama suke tuntuɓe.

Wanda bai fahimci wannan ba, in ya ga 2H₂ + O₂ → 2H₂O, sai ya karanta giram biyu da giram ɗaya. Lambobin nan ƙidaya ce, watau mol biyu da mol ɗaya, wanda a ma'auni ya zama giram 4 da giram 32, su ba da giram 36 na ruwa.

Misalin da muka fi samun nasara da shi shi ne buhun takin yuriya, tun da da wuya a sami yaron da bai san shi ba. Nauyin mol ɗaya na CO(NH₂)₂ giram 60 ne. Buhu mai kilo 50 yana da mol 833 ke nan. Kowane molekul yana da atam biyu na naitirojin, watau mol 1,667, in aka ninka da 14 sai a sami kilo 23.3, kusan kashi 46.7 cikin ɗari. Sai a ce yara su je su duba lambar 46 da ke jikin buhun a gida.

Tilas mu ja hankalin malamai ga ma'anar mol da ke cikin littattafan da yawa, wadda ta jingina shi da adadin atam na giram 12 na kabon-12. Tun daga 20 ga Mayu 2019 an daina aiki da ita. Yanzu mol ɗaya shi ne ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³ cif. Amsoshin lissafin sakandare ba su sauya ba, amma sabuwar ma'anar ta sauƙaƙa mana aiki, domin ta fito fili ta ce mol adadi ne. Ya kamata a fara da ita, a jinkirta batun kabon-12 sai an zo bayanin dalilin da ya sa lambar nauyin atam da ta nauyin mol a giram suka zo ɗaya.