Abin da Karan Sigari Ɗaya Ke Yi Kafin Ya Ƙone

Da kansar huhu aka saba tsorata mashayin taba, shi kuwa saurayi ɗan shekara 20 yana ganin wannan lissafin tsofaffi ne. Amma ɓarnar ba ta jiran furfura. Daga zuƙar farko take somawa.

Cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, sinadarin nikotin ya riga ya bi jini ya isa ƙwaƙwalwa. Nan take jiki zai saki adirenalin, sinadarin da ke tashi idan mutum ya firgita. Zuciya ta ƙara bugu 10 zuwa 20 a minti, jini ya ɗan hau, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke har yatsu su yi sanyi. Abin mamaki, a daidai wannan lokacin ne mashayin ke cewa hankalinsa ya kwanta. Gaskiyar magana, nikotin yana raguwa da rabi a cikin jini duk bayan kimanin awa 2, sai ƙunci da saurin fushi su taso, karan gaba ya kwantar da su. Wato taba tana maganin damuwar da ita ce ta haddasa.

Sabon shiga kuwa jiri da tashin zuciya ne ke yi masa maraba. Har tsohon hannu yakan ji kansa na juyawa idan ya kunna sigari da zarar an sha ruwa a watan azumi, domin yinin ya rage nikotin ɗin da jikinsa ya saba da shi.

Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma cikinsu akwai kabon monoksaid, iskar nan da ke hallaka iyali idan suka kwana da janareto a kunne cikin gida. Wannan iska ta fi iskar oksijin kama jan ƙwayar jini sau fiye da 200, saboda haka takan ƙwace gurbinta. Zuciya na ƙara gudu, abin da ake ciyar da ita na raguwa. Shi ya sa matashin da ke shan taba kan riga tsaransa haki a filin ƙwallo, ko da yana ganin garau yake.

A hanyoyin numfashi akwai wasu siraran gashi da ke share ƙura da majina zuwa sama. Hayaƙi na sanyaya musu gwiwa, datti ya taru. Da dare, lokacin da babu sigari, sukan ɗan farfaɗo su kama aiki, dalilin tarin asuba da kakin da mashaya suka sani ke nan. Warin baki, dushewar ɗanɗano da ƙwarnafi duk suna biyo baya.

Mafi hatsari shi ne abin da ido ba ya gani: hayaƙin na sa jini saurin daskarewa, har a jikin wanda ke zaune kusa bai taɓa kunna ashana ba. Garin Helena na jihar Montana a Amurka ya hana shan taba a wuraren aiki da na taruwar jama'a a watan Yunin 2002. Cikin wata 6, mutum 24 aka kwantar saboda toshewar jijiyar zuciya, alhali a irin watannin a wasu shekaru akan samu kimanin 40. Garin ƙarami ne, don haka masana suka yi taka-tsantsan da sakamakon. Sai Sikotlan ta kafa irin dokar a Maris ɗin 2006, aka bibiyi asibitoci 9, aka tarar masu zuwa da irin wannan ciwo sun ragu da kashi 17 cikin 100. Kusan kashi biyu cikin uku na ragin daga waɗanda ba sa shan taba ya fito.

Najeriya ma tana da dokar taƙaita taba tun 2015, wadda ta hana shan ta a wuraren jama'a, ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma haramta sayar da ita kara-kara. Amma har yau a tashoshin mota da teburan bakin titi, ɗai-ɗai ake zaro ta daga kwali a miƙa wa mai saye.