Zanga-zangar Shaheen Bagh

Zanga-zangar Shaheen Bagh zaman dirshan ne na lumana da mata Musulmi suka jagoranta a unguwar Shaheen Bagh da ke birnin Delhi na ƙasar Indiya, daga 15 ga Disamba 2019 zuwa 24 ga Maris 2020. An shafe kwana 101 ana yin sa kafin annobar korona ta zama sanadin tashinsa.

Asali

A watan Disamba 2019 majalisar dokokin Indiya ta amince da gyaran dokar zama ɗan ƙasa. Gyaran ya sauƙaƙa samun takardar ɗan ƙasa ga mabiya addinai shida da suka shigo daga Afganistan, Bangaladash da Pakistan, amma bai sa Musulmi a ciki ba. Bayan 'yan sanda sun kutsa jami'ar Jamia Millia Islamia sun daki ɗalibai, sai matan unguwar suka fito suka tare babbar hanyar da ta haɗa Delhi da Noida.

Jagorancin mata

Yawancin masu zaman matan aure ne da tsofaffi waɗanda ba su taɓa shiga siyasa ba, kuma ba jam'iyyar da ta tsara musu shi. Suna karɓa-karɓa dare da rana a tsananin sanyi, wasu da jarirai a hannu. Hakan ya ja hankali domin maza ne suka mamaye siyasar ƙasar: a zaɓen 2019 mata 78 kacal suka ci kujeru daga cikin 543 na majalisar wakilai, Musulmi a cikinsu kuwa ba su kai biyar ba. Mujallar Time ta sanya Bilkis, tsohuwa mai shekara 82, cikin mutane 100 mafi tasiri na 2020.

Lokacin annoba

Da cutar ta fara bazuwa, matan suka rage yawansu, suka riƙa zama nesa da juna. Ranar 22 ga Maris kaɗan ne suka zauna, sauran suka bar takalmansu a wurin don nuna cewa ba su janye ba. Bayan kwana biyu 'yan sanda suka tashe su da hujjar dokar kulle.

Abin da ya biyo baya

A Oktoba 2020 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukuncin cewa ba a yarda a mamaye hanyar jama'a har abada ba. Ba a soke dokar ba. Gwamnati ta fitar da ƙa'idojin aiki da ita a Maris 2024.