Dokokin Gas ɗin Esin Mota da Abin da Ya Shafi Masu Motoci

Gas ɗin da ke sanyaya cikin mota iri-iri ne, kuma dokar ƙasar da aka ƙera motar domin ta ce ke zaɓen wanda za a zuba.

A da R-12 ake amfani da shi, sai aka gano yana lalata rigar ozon da ke kare duniya daga haskoki masu cutarwa na rana. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa ƙasashe masu arziki suka daina ƙera shi a 1996, ƙasashe masu tasowa kuma a 2010. Wanda ya gaje shi, R-134a, bai taɓa ozon, amma ƙarfinsa na ɗumama yanayi ya ninka na iskar kabon sau 1,430. Saboda haka Tarayyar Turai ta hana shi a sababbin motoci tun daga Janairun 2017, masu ƙera motoci suka koma ga R-1234yf. Nijeriya kuwa, bisa Gyaran Kigali na 2016, rage irin wannan gas za ta yi sannu a hankali, har ragin ya kai kashi 80 cikin ɗari a 2045.

Tun da ana shigo da motoci na hannu daga Turai, iri biyun nan suna kan hanyoyinmu. Don haka ana kira ga direbobi, makanikai da jami'an kula da motocin ƙananan hukumomi da su riƙa duba takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet kafin a zuba gas. Cakuɗa iri biyu kan lalata kwamfuresa, ya jawo asarar kuɗi.